Yadda Ake Kafe Rumfa da Daɓen Katako Ba Tare da Zuba Kankare Ba

Rumfar farko da na kafa da hannuna kwana uku ta yi a tsaye. A rana ta huɗu hadari ya haɗo da la'asar, iskar da ke gabansa ta shigo ta bakin rumfar, tamfol ya kumbura kamar an hura shi, ina kallo ƙafafun gaba suka bar ƙasa, bulo bibbiyun da na ɗaura musu suna lilo a jiki. Can bayan katanga muka je muka tattaro ta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk wahalar da na sha wajen aikin a kan kada ƙafafun su nutse ne, har falanki na shimfiɗa wa kowace ƙafa. Ban taɓa kawo wa raina cewa sama za ta nufa ba.

To, abin da kankare ke yi wa gini kashi biyu ne: yana hana shi nutsewa, yana kuma riƙe shi da nauyinsa kada ya tashi. Idan filin haya ne, ko aikin na wata uku ne, ko an hana ka haƙa, dole ka samo waɗannan biyun ta wata hanya. Na farkon mai sauƙi ne. Na biyun ne ke kunyata mutane, don haka a kansa za mu fi daɗewa.

Fara da lissafin iska

Kafin ka sayi ko da igiya, ɗauki biro. Iskar da ke gudun kilomita 72 a awa tana danna kowane murabba'in mita da ƙarfin kusan kilo 25. Idan ta kai kilomita 108 a awa, ƙarfin ya haura kilo 55. Dalili kuwa, duk lokacin da gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. A kan rufi marar nauyi, yawancin wannan ƙarfin ɗagawa yake yi, iskar da ta bi ta sama tana zuƙa, wadda ta shiga ta ƙasa tana turawa.

A ce rumfarka mita 6 ce da mita 4, murabba'in mita 24 ke nan. Sau 25, ka sami kilo 600. Ninka shi biyu saboda iska ba a jere take zuwa ba, fizga take yi, kuma ƙasa takan saki idan ta jiƙe. Kilo 1,200 ke nan. Idan ƙafa shida gare ta, kowace ƙafa tana bukatar abin da zai riƙe kilo 200, na kusurwa ma sun fi shan wuya. Lissafin na kintace ne, siffar rufi da wurin da ka kafa suna canja shi, amma ya isa ya nuna maka inda bulo biyu suka tsaya.

Akwai ƙarin abu guda. Igiyar da ta sauko a karkace, digiri 45, kashi 70 cikin 100 na janta ne kawai ke danne rumfa ƙasa. Don ta danne kilo 200, sai ita kanta tana jan kusan kilo 280, kuma wannan jan ne turkenka zai ɗauka.

Karanta ƙasar

Abu na farko, tambayi mai filin inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi ta ƙarƙashin ƙasa, ka kuma ɗaga kai ka duba wayoyin sama kafin a ɗaga dogon ƙarfe. Rodi mai tsawon mita guda ba ya tambayar abin da ke gabansa.

Sannan ka sami rodi mai kaurin milimita 25 da babbar guduma mai kamar kilo 7, ka buga shi a inda za ka yi aiki, kana lura da yadda yake shiga a ƙarshe-ƙarshen. Masu harkar manyan tantuna a Amurka suna da ma'aunin da suke bi na irin wannan turken idan ya shiga santimita 90. Idan kowane bugu bai kai rabin santimita ba, ƙasar tsauri gare ta, turken zai riƙe fiye da tan guda. Idan yana shiga santimita 4 zuwa 7 a bugu ɗaya, kimanin kilo 180 zai riƙe. Idan ya wuce haka, bai kai kilo 100 ba. Turke ɗaya ne, guduma ɗaya, bambancin ya fi ninki goma. Kuma gwajin da ka yi da rani ba shi ne na damina ba: yumɓun da ya gagari diga yau, bayan ruwan kwana biyu da hannu za ka zare rodin. Idan rumfar za ta ga ruwan sama, zuba bokiti uku a gindin turken gwaji, ka bar shi ya tsuma, ka sake jijjiga shi.

Ka gwada wuri uku ko huɗu. Filin da aka yi wa ciko yakan yi tauri a gefe guda, ɗaya gefen kuwa shara ce aka rufe da ƙasa.

Shimfiɗa daɓen

Zaɓi inda ruwa ba ya kwanciya. Kankare ciyawa da baƙar ƙasar sama, kamar santimita 10, har ka taɓa mai ƙwari, ka daddaɓe ta. Ja igiya ka fitar da kusurwoyi. Don kusurwa ta miƙe, auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, tsakanin alamun biyu ya zama mita 5 cif. In ka gama, auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, awon biyu su zo ɗaya.

Shimfiɗa leda mai kauri ko yadin hana ciyawa, ka zuba tsakuwa santimita 10 ka daddaɓe. In leda ce, ka huhhuda ta ko ka ba ƙasar ɗan gangara, in ba haka ba tafki ka gina a ƙarƙashin daɓenka. Tsakuwa mai kaifin baki ta fi, tana cije juna. Mai sulɓi ta bakin rafi gangarewa take yi.

Kan tsakuwar za ka jera matashi, wato bulo marar rami ko falalen siminti da aka riga aka buga, kowane mita ɗaya da rabi. In bulo mai rami ne kaɗai a hannunka, ka aje shi ramukan na kallon sama kamar yadda ake gini da shi, ka ɗora guntun falanki a kai. A kwance ta gefe yana fashewa. Wajen daidaita tsayinsu ba abin da ya kai farin tiyo mai ruwa a ciki: mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin turken alama, kai kana yawo da ɗayan, inda ruwan ya tsaya a nan da can tsayi ɗaya ne. Ka dai fitar da kumfar iska daga cikin tiyon tukuna. Wanda ya yi ƙasa, ƙara masa tsakuwa. Kada ka cusa masa guntayen katako, su ne za su fara zamewa.

Tsakanin matashi da katako sa guntun kwano ko roba. Yana tare danshi, kwanon kuma in ya ɗan fito ta gefe yana tilasta wa gara ta yi hanyarta a fili inda za ka gan ta. Katakon ƙasa ya zama wanda aka yi wa magani, ka bar aƙalla santimita 15 tsakaninsa da ƙasa iska ta riƙa wucewa.

Yanzu haɗa firam ɗin daɓen da katako 2x6, wato mai inci 2 da inci 6, a tsaye kan gefensa. Ga wani ɗan abu da kan ɓata wa sabon hannu rai: allon filawud santimita 122 ne da 244. Idan ka jera katakan ciki santimita 40 daidai, kana isa ƙarshen allo za ka ga bakinsa ya faɗa a iska. Raba 244 gida shida, ka sami 40.7, da wannan za ka yi alama, daga tsakiyar katako zuwa tsakiyar na gaba. Allo mai kaurin milimita 18 ya isa. Kwantar da shi tsawonsa ya gitta katakan, mahaɗar layi na biyu kada ta zo daidai da ta farko, ka bar tazarar milimita 3 tsakanin allo da allo, kaurin ƙusa ke nan, don yana kumbura in ya sha laima. Ɗaure da sukuru, kowane santimita 15 a baki, 30 a tsakiya. Da sukuru za ka kwance kayanka lafiya ranar tashi.

Mai son sauri yana iya jera falet, wato shimfiɗar katakon da ake ɗora kaya a kai a sito, a kan tsakuwar, ya haɗe su da langa-langa, ya rufe da filawud. Duba hatimin da ke jikinsu: HT na nufin da zafi aka gasa katakon, MB kuwa da iskar guba aka turara shi, wannan ka bar shi. Wanda mai ko sinadari ya zuba a kai ma haka.

Abin da zai riƙe

Nan ne aikin yake. Hanya huɗu ce, ƙasarka ce za ta zaɓa maka.

Turken rodi shi ne na ƙasa mai ƙwari. Tsawon mita guda ko fiye, a yi masa kai a wajen mai walda don kada igiya ta suɓuce. Nisansa daga ƙafar rumfa ya yi daidai da tsayin ƙafar. Yawancinmu mun tashi muna karkata turke baya, ni ma haka na koya, kuma ga ƙaramin turken tanti ba laifi. Dogon rodi kuwa a miƙe ya fi riƙewa, don ya fi nisa cikin ƙasa, ƙasar da ke tokare shi ta fi yawa. Buga shi har ya rage kamar yatsu uku, ka ɗaura igiya a gindin, dab da ƙasa. Igiyar da aka ɗaura a sama ta mayar da turken sandar ɓanɓara, da kansa zai buɗe raminsa. Idan ɗaya bai isa ba, buga biyu ko uku a layin jan igiyar, tazarar aƙalla santimita 30, ka haɗe su da faffaɗan ƙarfe mai huji, ko ka ɗaure kan na gaba da gindin na baya.

Turke mai murɗi shi ne sandar ƙarfe mai faifai a ƙasa kamar bakin sukuru, da zobe a sama. Tsohuwar dabara ce. Alexander Mitchell, injiniya ɗan Ailan wanda makaho ne, ya yi mata rajista a 1833, kuma a 1838 aka fara kafa hasumiyar haska wa jiragen ruwa ta Maplin Sands a bakin kogin Thames na Ingila a kan irin waɗannan ƙafafu, cikin yashi da laka. Abin da ya riƙe hasumiya a teku zai riƙe rumfa. Zura rodi a zoben, ka danna kana murɗawa, sandar na kallon inda igiya za ta ja. Kowane zagaye ya kamata ya shiga gaba. In ka ga yana juyawa a wuri ɗaya, niƙa ƙasar yake yi, ka zare ka matsa rabin mita. Faifan ya nutse aƙalla ninki biyar na faɗinsa; mai faɗin santimita 10 ya wuce rabin mita, in ya kai 75 ya fi. A cikin duwatsu ba ya shiga, kada ka wahalar da kanka. Shi na fi so wa daɓe, don ana iya murɗa shi a miƙe dab da firam.

Binne gungume shi ne maganin yashi da ƙasa mai laushi, kuma ba ya bukatar komai sai shebur da ƙarfin gwiwa. Sami gungume mai tsawon mita guda da kaurin santimita 15, ko bututun ƙarfe, ko tsohuwar taya. Haƙa rami mai zurfin santimita 80 zuwa mita guda, tsawonsa ya gitta layin igiya. Bangon ramin na ɓangaren rumfa shi ne dukiyarka, ka sare shi a miƙe, kada ka taka bakinsa ya rufta, don ƙasar da ba a taɓa ba ita ce ke tokare gungumen. Daga tsakiyar wannan bangon ka tsaga siririyar hanya, faɗin bakin diga, tana hawowa a karkace zuwa wajen rumfa. Ta nan sarƙa za ta fito. Wanda ya tsallake wannan tsagar, sarƙarsa za ta lanƙwasa a bakin rami, duk ja sai ta riƙa ɗago gungumen sama tana yanka ƙasa har ta yi sako-sako. Abin da zai kwana cikin ƙasa ya zama sarƙa ko wayar ƙarfe, igiya ta tsaya a sama. Mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan, santimita 15, ka yayyafa ruwa, ka kirɓa, sannan ka ƙara. Wannan ɓangaren ne masu taya ka za su so su yi sauri. Tsaya a kansu.

Nauyi kuma shi ne na kan kwalta ko daɓen da aka hana ka hudawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka durom mai lita 200 kilo 200 ne, yashi a cikinsa kuwa ya kai kusan 300. Sai dai a nan mutane ke ruɗuwa. Durom da aka aje can gefe aka ja masa igiya a karkace, tun kafin ya ɗaga yake zamewa, in igiyar a wuyansa take ma tuntsurewa zai yi. A kan daɓe mai santsi da wuya ya riƙe rabin nauyinsa. Hanyar da ta dace ita ce a yi wa ƙafar rumfa faffaɗan faranti, nauyin ya zauna a kan farantin, bel ɗin ɗaure kaya a mota ya sauko a miƙe daga kusurwar rufi ya zagayo ƙarƙashin nauyin. Sa tabarmar roba a ƙasa. Buhun yashi yana yi, amma rana na cinye buhun leda cikin 'yan watanni, a lulluɓe shi. Kuma kada ka lissafa nauyin mutane ko kayan da za a iya kwashewa. Ranar da iska za ta zo wataƙila ba kowa a ciki.

Daga rufi har ƙasa, kada haɗin ya yanke

Turken da ya fi kowane ƙarfi ba ya amfanar rufin da ƙusa biyu ke riƙe da shi. Bi hanyar da iska za ta bi da idonka: kwano ko tamfol a jikin katakon rufi, katakon a kan ginshiƙi, wato ƙafar rumfa, ginshiƙi a jikin firam ɗin daɓe, firam a jikin turke. Kowace mahaɗa ka tambayi kanka, in aka ja wannan sama me zai hana shi fita? Ƙusar da aka buga daga sama a miƙe zarewa take yi ta hanyar da ta shiga. Naɗa langa-langa ta kan katakon rufi ta sauko gefe biyu na ginshiƙi, ƙusoshin su shiga ta gefe. Ginshiƙi da firam kuwa ƙusa biyu masu noti, da wosha mai faɗi. Firam ɗin ya sami turke a kowace kusurwa da kowane mita biyu, bel ko langa-langa ta hau ta kan katakon, ba a maƙale a gefe ba.

Sai tokari. Firam mai kusurwa huɗu in aka tura shi ta gefe kwantawa yake yi. Kowane bango ya sami katako a gicciye daga gindin wannan ginshiƙi zuwa kan wancan, ko waya biyu da suka gitta juna. Waya ɗaya gefe ɗaya kawai take riƙewa.

Game da igiya: igiyar rumfa a firam ake ɗaura ta, ba a zoben tamfol ba. Ƙulli na iya rage ƙarfin igiya har kusan rabi. Ta nailan tana miƙewa, mai arhar nan ta roba kuma rana na mayar da ita gari. Bel ɗin ɗaure kaya a mota ya fi, ka duba nauyin aikin da aka rubuta a jikinsa, ka ɗan murɗa shi sau ɗaya ko biyu don kada ya riƙa kaɗawa yana kuka cikin iska. In wayar ƙarfe ce, ka lanƙwaso bakinta ka matse da kilif, wato ƙarfen matse waya, uku a kowane baki, lanƙwasasshen ƙarfen kilif ɗin a kan guntun wutsiyar, sirdinsa a kan wayar da ke ɗauke da ja. Tamfol kuma ya ɗame, da gangara sosai. Ruwan da ya taru zurfin santimita 10 a murabba'in mita ɗaya kilo 100 ne rataye a kan mutane.

Gwada kafin ka yarda

Sami katako mai ƙarfi na mita biyu da rabi. Aje gungume kusa da turken a matsayin matashi, ka ɗora katakon, rabin mita ta ɓangaren turke, mita biyu ta ɓangarenka. Ɗaure guntun bakin da turken, ka hau dogon bakin a hankali. Mutum mai kilo 70 ya ja turken da kilo 280 ke nan. Tsaya minti guda, wani yana duƙe yana kallon gindin. In ƙasa ta tsage ko turken ya taso da kaurin yatsa, bai ci ba. Kada ka sake buga shi a ramin. Matsa gefe, ka ƙara zurfi ko ka ƙara ɗan'uwansa.

Bayan kwana ɗaya ka zagaya ka ƙara ɗame komai, haka bayan kowane ruwa. Yi 'yar magudana ta zagaye rumfar, kada ruwan rufi ya riƙa zuba a gindin turke. Kan rodin da ya fito a rufe shi da guntun tiyo ko gora, igiyoyin a ɗaura musu ƙyalle mai haske saboda masu wucewa da dare.

Rumfa mai bango uku da baki ɗaya a buɗe, in bakin ya kalli iska, ita ce mafi haɗari. Irinta ce tawa ta farko. Ko a rufe ta ruf, ko a yaye bangon duka. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin a fara amfani da ita a san wa zai sauke tamfol, da wace alama za a fitar da mutane. In iska ta riga ta kama, a fita kawai, kada wani ya rataya a jikin ƙafa wai zai danne. Rumfar da za ta ɗauki taron jama'a da yawa, ko dandamali mai tsayi, wannan aikin injiniya ne da izinin hukuma, lissafin biro bai isa ba.

Ranar tashi, sauke rufi da farko, turke a ƙarshe. Rodin da ya ƙi fita, zuba masa ruwa, ka kama shi da sifanar famfo ka murɗa hagu da dama har ya saki, sannan ka ɗaga shi da katakon gwajin nan ko jak ɗin mota a kan falanki. Mai murɗi baya za ka juya shi. Gungumen da ka binne kuwa tono shi za ka yi, in ka bar shi ka yanke sarƙar can ƙasa sosai, ka gaya wa mai filin inda yake, ka cike ramin ka kirɓa.